Soshiyoloji: Kwas ɗin da ake rainawa, alhali Zamfara na neman masu shi

A wannan mako za mu tattauna ne a kan wani kwas da ke yawan fitowa a jerin sunayen waɗanda jami'a ta ɗauka, amma ba kasafai ake yi masa guɗa a gida ba. Ina nufin Soshiyoloji, wato ilimin zamantakewar al'umma.

Kowa ya san yadda abin ke kasancewa. Yaro ya nemi karatun lauya ko na akanta, makinsa bai kai ba, sai a tura shi Soshiyoloji. Idan ya kai labari gida, Baba ya dube shi ya ce, “To madalla. In ka gama me za ka zama?” Sai yaro ya hau sosa ƙeya, don shi kansa bai sani ba. Wanda ya karanta likitanci likita ne, wanda ya karanta shari'a lauya ne, to wanda ya karanta zamantakewa fa? A majalisa har tsiya ake yi mana, wai zama da mutane ma sai an biya kuɗin makaranta shekara huɗu kafin a iya?

Tambayar Baba tana kan hanya, kuma zan amsa ta ba kwana-kwana kafin mu rabu. Amma akwai abin da ya kamata a fara sani. A jiha irin tamu, sau da yawa ana kawo wa matsala magani mai kyau amma ya ƙi ci, saboda masu kawo shi ba su san yadda mutanen da za su sha shi suke rayuwa ba. Sanin wannan shi ne sana'ar mai ilimin zamantakewa. Hausawa sun ce sanin wurin bugu shi ne ƙira. Masu guduma muna da su da yawa, masu sanin wurin bugun ne suka yi mana ƙaranci.

Me ake karantawa a ciki?

A taƙaice, ilimi ne da ke nazarin yadda mutane ke zama tare: gida da aure, kasuwa da sana'a, makaranta, sarauta, ƙauye da birni, laifi da hukunci. Kowa yana da ra'ayi a kan waɗannan abubuwa, tun daga mai shayi har ɗan kamashon tasha. Abin da ya bambanta ɗalibin zamantakewa shi ne ba a yarda ya tsaya a kan “an ce” ba. Dole ya fita ya tambaya, ya ƙirga, ya gwada wannan wuri da wancan, sannan ya faɗi abin da ya gano tare da hujja.

Masu ganin karatun Turawa ne zalla su sani cewa tun a shekarar 1377 wani malami haifaffen Tunis, Abdurrahman Ibn Khaldun, ya rubuta littafinsa Muƙaddima, inda ya nazarci yadda al'umma ke haɗuwa ta yi ƙarfi da yadda take lalacewa. Ya duba alaƙar mazauna daji masu kiwo da mazauna birni, da abin da ke ɗaure jama'a su zama tsintsiya maɗaurinki ɗaya, da yadda zalunci da haraji mai nauyi ke sa mutane su saki noma da sana'a har gari ya koma kufai. Ɗan Zamfara da ya karanta waɗannan bayanai zai ji kamar da shi ake. Sai bayan sama da shekara 450 ne Bafaranshen nan Auguste Comte ya raɗa wa fannin sunan da aka san shi da shi yanzu, a wajajen 1838.

Darasin farko da ake koya mana a aji ɗaya ya fito ne daga wani Ba'amurke, C. Wright Mills, a littafinsa na 1959. Abin da yake nufi shi ne mutum ya iya rarrabe damuwar da ta shafi mutum ɗaya da matsalar da ta shafi tsarin gari baki ɗaya. Ga misali daga gida. In magidanci ɗaya a Tudun Wadar Gusau ya rasa aiki, ana iya duba halinsa ko ƙwazonsa. Amma Gusau gari ne da layin dogo ya iso tun ƙarshen shekarun 1920, ya zama cibiyar cinikin auduga da gyaɗa, har aka kafa masaƙar da ta ɗauki ma'aikata masu yawa. Da masaƙar ta rufe, ba ma'aikatanta kaɗai suka zauna ba. Manomin auduga a ƙauyukan Bungudu da Tsafe ya ga kasuwarsa ta yi sanyi, mai abinci a bakin ƙofar kamfani ta kwashe tukwanenta, mai gidan haya ya rasa 'yan haya. Wanda ya ga matasa zube a bakin titi yau ya ce lalaci ne kawai, ya ga reshe ya bar saiwa.

Darasin gubar dalma

Domin a ga amfanin wannan kallo a aikace, mu tuna abin da ya faru a yammacin jihar nan. A watan Maris na 2010, ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka lura yara ƙanana na mutuwa da yawa a wasu ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma. Yaro zai fara amai da jijjiga, a ba shi maganin zazzaɓin cizon sauro, ya ƙi ji. Da aka gwada jini sai aka gano gubar dalma ce, daga duwatsun da ake niƙawa don fitar da zinare. Yara sama da 400 suka rasu, dubbai suka kamu.

Likita ya gano cutar, masanin kimiyya ya auna ƙasa ya faɗi yawan gubar, ya kuma bayyana cewa jikin yaro ya fi na babba saurin shan ta. Amma akwai tambayoyin da na'urar gwaji ba ta amsawa. Me ya kawo dutsen cikin gida, alhali ramin haƙar yana daji? Me ya sa wasu iyaye suka riƙa ɓoye mutuwar 'ya'yansu da farko?

Amsoshin suna cikin yadda ake zama. Farashin zinare ya tashi a duniya a waɗannan shekaru, abin da mutum ke samu a haƙa ya zarce na gona nesa ba kusa ba. Maza suka riƙa kawo dutsen gida, inda matan da ke cikin kulle su ma ke samun rabonsu ta hanyar daka da niƙa. Da turmi da injin niƙan hatsi aka yi aikin, ana shanya garin dutsen a tsakar gida, daidai inda yaro mai rarrafe ke wasa yana kai hannu baki. Ɓoyewar kuwa tsoro ne ya kawo ta, kada hukuma ta ji ta hana haƙar, abinci ya yanke.

Haka ma wajen magani. Akwai ƙwayar da ke fitar da dalma daga jini, amma in yaro ya sha ya koma gidan da ƙasarsa ke da guba, an yi aikin baban giwa. Dole sai an kankare ƙasar gidan an zuba sabuwa, gida-gida. Wannan kuwa ba ya yiwuwa sai maigida ya yarda baƙi su shiga, matan gida sun fahimci dalili, sarki da mai gari sun sa baki an mayar da aikin niƙa bayan gari. A Bagega, wadda ta fi sauran ƙauyukan girma, sai a 2013 aka yi wannan aiki. MSF kuma ta daɗe tana jan hankali cewa koya wa mutane hanyar aiki marar cutarwa ya fi hani tasiri, don wanda aka hana wa abincinsa ɓoyewa zai yi, ya mayar da dutsen ƙuryar ɗaki. A irin wannan aiki, wanda ya san tsarin gidan Bahaushe, wa ke da iko da me, wa ake jin maganarsa, yana ceton rai kamar yadda mai ba da magani ke ceta.

Da aka rufe kasuwa, wa ya ji a jikinsa?

Misali na biyu kowa a cikinmu ya gan shi da idonsa. A ƙarshen Agusta da farkon Satumba na 2021, gwamnatin jiha ta lokacin ta rufe kasuwannin mako-mako, ta hana safarar dabbobi da sayar da fetur a jarka, sannan hukumar sadarwa ta ƙasa ta sa aka katse layukan waya a faɗin jihar. Manufar a fili take: a toshe wa 'yan bindiga hanyar abinci da mai da masu kai musu rahoto. Duk wanda ya san halin da ake ciki a lokacin ba zai ce babu dalili ba.

Ɗalibin zamantakewa zai ƙara da tambaya ɗaya: ban da 'yan bindiga, wa kuma ke rayuwa da wannan kasuwa? Kasuwar ƙauye ita ce bankin talaka. Can manomi ke kai akuya ɗaya ya samu kuɗin asibiti, ko tiya biyar ta wake ya biya kuɗin makaranta. Can dillali da ɗan dako da mai awo da mai tuyar ƙosai ke samun na cefane. Can Bafulatana ke sayar da nono ta sayi hatsi, can ake biyan bashi, a ji labarin wanda ya rasu da wanda ya aurar. Waya kuma ita ce hanyar da ɗan ci-rani a Legas ko Abuja ke turo wa tsohuwarsa kuɗi ta hannun mai POS. Mun ga yadda mutane suka riƙa shiga mota daga Gusau, su bi ta Kwatarkwashi da Tsafe har Funtuwa don kawai su buga waya ko su cire kuɗi, a kan hanyar da ita kanta ba ta da tabbas.

Tun a 1936 wani masani Ba'amurke, Robert Merton, ya yi rubutu a kan yadda mataki mai kyakkyawar niyya kan haifar da abin da ba a nufa ba. Ba don a zauna ana sukar hukuma ake koya mana wannan ba. Ana koya mana ne don kafin a ɗauki mataki a samu wanda zai zauna ya lissafa: gidaje nawa ne cinsu ya dogara da kasuwar nan? Mako nawa za su iya jurewa? Wace kafa za a bar musu? Jami'in tsaro yana da nasa lissafin, kuma yana buƙatar wanda zai ajiye masa wannan a gefensa.

Haka abin da ya faru a Wanzamai ta ƙaramar hukumar Tsafe a watan Afrilun 2023, lokacin da aka kwashe mutum kusan 80, galibinsu yara da mata, da suka shiga daji neman itace da sharar gona. Mai kallo daga nesa zai ce me ya kai su dajin da kowa ya san akwai haɗari? Wanda ya san gidan ƙauye ya san in babu itace babu tuwo, kuma rabon aikin gida ya ɗora ɗebo shi a kan yara. Muddin gidan bai samu wani abin girki ba, gargaɗi a rediyo ba zai hana yaro shiga daji ba.

Sana'ar tambaya da ƙirga

Kada a ɗauka kwas ɗin surutu ne kawai. Yana koyar da abin hannu, wato bincike. Ana koyon ƙididdiga da dabarun tattara bayanai: yadda ake tsara takardar tambayoyi, yadda ake zaɓen gidajen da za a shiga don kada a ji bakin 'yan unguwa ɗaya kawai, yadda ake hira da mutum ba tare da an sa masa magana a baki ba, da yadda ake kare sirrin wanda ya ba ka labari. A aji huɗu kowa sai ya fita ya yi nasa binciken ya rubuta kundi. Masu gudun lissafi su sani tun yanzu, akwai shi, sai dai bai kai na injiniyoyi ba.

Wannan sana'a muna da ƙishirwarta. Rabon da a ƙidaya mutanen Najeriya tun 2006, lokacin da aka ce Zamfara na da mutum kimanin miliyan 3.3. Yawancin masu karanta wannan shafi ko ba a haife su ba, ko suna goye. A 2019 kwamitin da gwamnatin jiha ta kafa a ƙarƙashin tsohon Sufeto Janar na 'yan sanda, M.D. Abubakar, ya ba da rahoton cewa daga 2011 zuwa 2019 mata kusan 5,000 sun rasa mazajensu a rikicin, yara sama da 25,000 sun zama marayu, mutum sama da 190,000 sun bar gidajensu. Waɗannan alƙaluma sun kwana biyu, kuma ba su gaya mana ina mutanen suke yanzu ba. Mu da ke zaune a Gusau da Tsafe da Bungudu mun san da yawa daga cikin 'yan gudun hijirarmu ba a sansani suke ba, suna raɓe ne a gidajen dangi da kangaye. Yaransu nawa ke zuwa makaranta? Matan da suka rasa mazajensu da me suke ciyarwa? Gidan da ya karɓi baƙi goma sha biyu, shi kansa yaya yake kwana? Wanda ba a ƙirga ba, ba a yi masa kasafi.

Abin lura kuma, da yawa daga cikin littattafan da duniya ta san zaman Hausawa da su, baƙi ne suka rubuta. M.G. Smith ya yi bincike a ƙasar Zazzau a 1949 da 1950, matarsa Mary ta zauna da wata dattijuwa, Baba ta Karo, ta rubuta tarihin rayuwarta daga bakinta, ya fito a 1954. Polly Hill ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina tana nazarin abin da ke sa wani manomi ya samu wani ya rasa a ƙauye ɗaya. Abner Cohen ya nazarci Hausawan Sabo a Ibadan da fataucin goro da shanu. Namu ma sun taɓa, irin su marigayi Dokta Ibrahim Tahir, Talban Bauchi, wanda ya koyar da wannan fanni a Jami'ar Ahmadu Bello, ya kuma yi digirin digirgir a Cambridge a kan malamai da attajiran Kano. Amma filin har yanzu da faɗi. Kai da aka haifa a Nahuce ko 'Yandoto, ba ka neman tafinta. Ka san wanda ake fara gaisarwa kafin a shiga gari, ka san abin da ba a tambayar mace a gaban surukarta. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, abin da ya rage masa shi ne ya koyi auna yoyon, ya rubuta yadda mai gyara zai gane.

Ƙannena mata, wannan ya fi shafar ku. Akwai ɗakin da mai bincike namiji ba zai taɓa shiga ba, akwai maganar da mace ba za ta faɗa wa kowa ba sai 'yar uwarta mace. Binciken da bai ji bakin matan cikin gida ba, rabin bincike ne.

Ƙorafi biyu da ake yi

Na farko, wasu iyaye na tsoron kwas ɗin zai gurɓata tunanin yaro. Gaskiya ne za ka karanta ra'ayoyin su Karl Marx da Max Weber da wasu da tarbiyyarsu ba irin taka ba ce. Ana karanta su ne don a ga yadda suka kalli al'ummarsu, a gwada da tamu, a ɗauki abin da ya dace a bar wanda bai dace ba. A jarrabawa ana tambayar ka abin da suka ce da inda maganarsu ta gaza, ba a ce sai ka bi su ba.

Na biyu ya fi nauyi. Idan ka ce a duba yadda gonaki suka cinye burtali da makiyaya, da yadda sasanta manomi da makiyayi ya riƙa lalacewa, da yadda ramuwar gayya tsakanin 'yan sa-kai da 'yan bindiga ta faɗaɗa wutar, da yadda makamai suka cika daji, sai wani ya ce kana kare ɓarayi. Likitan da ke binciken yadda kwalara ke yaɗuwa ba masoyin kwalara ba ne. Wanda ya kashe rai ya yi laifi, hukunci ya hau kansa. Amma ruwa ba ya tsami banza. In ba a san abin da ke tura yaro ɗan shekara goma sha biyar daji ba, za a kawar da wannan, wani ya maye gurbinsa. Kuma wannan karatu yana hana mutum yi wa ƙabila guda kuɗin goro, don duk wanda ya fita ya tambaya zai tarar da wanda aka zalunta a kowane ɓangare.

To, ina aikin?

Yanzu mu koma ga tambayar Baba. Gaskiya ɗaya ce, digirin zamantakewa ba lasisi ba ne irin na likita ko na mai haɗa magunguna. Babu kujerar da aka rubuta sunanka a kai tana jiran ka, kuma akwai masu wannan digiri da ke zaune ba aiki, kamar yadda ake da su a sauran fannoni. Wanda ya yi shekara huɗu yana haddace handawut, ya sayi kundin bincike a shagon kwamfuta, da kwali kawai zai fito.

Wanda ya fito da abin hannu kuwa, ƙofofinsa suna da yawa. A gwamnati akwai sassan jin daɗin jama'a a ma'aikatu da ƙananan hukumomi da manyan asibitoci. Akwai Hukumar Ƙidaya, Hukumar Ƙididdiga, Hukumar Wayar da Kan Jama'a, hukumomin agajin gaggawa na tarayya da na jiha, da Hukumar Zakka da Waƙafi ta jiha, wadda aikinta ya dogara da tantance mabuƙaci na gaskiya. Wanda ya karkata ga nazarin laifuka yana iya neman aikin ɗan sanda, ko gidajen gyaran hali, ko NDLEA, ko NAPTIP. Kamfanoni da bankuna kan ɗauka a sashen kula da ma'aikata. Akwai jarida da rediyo. Mai son koyarwa ya ƙara da difloma ta ilimi, mai son zurfafawa ya wuce digiri na biyu a fannin lafiyar al'umma, ko sasanta rikici, ko raya karkara. Kofi Busia, firaministan Ghana daga 1969 zuwa 1972, malamin wannan fanni ne. Martin Luther King na Amurka ma shi ya karanta a digirinsa na farko.

Sai ƙungiyoyin agaji da ke aiki a jihar nan, irin su UNICEF da MSF da Save the Children, waɗanda kan nemi masu tattara bayanai da masu wayar da kai da masu bibiyar ko aiki ya isa inda aka nufa. Mutanen Tsafe da Anka za su tuna shirin tallafin renon yara da Save the Children ta gudanar a yankunansu har zuwa 2019, wanda ya fara da ba mai juna biyu Naira 3,500 duk wata har yaro ya cika shekara biyu. Babbar tambayar da ke kan irin wannan shiri ta zamantakewa ce: in an ba mace kuɗi a hannunta, ita za ta riƙe ko maigida zai karɓe? Sai da aka bi gidaje ana tambaya aka gano galibi matan ne ke riƙe da kuɗin, kuma abinci ne ya fi cinye su. Masu bin gidajen nan da masu tace amsoshin, aikin da ake koya mana ke nan suka yi.

Shawara ga mai sha'awa

Ana neman kiredit biyar a WAEC ko NECO, ciki har da Ingilishi da Lissafi a yawancin jami'o'i, tare da darussa irin su Gwamnati, Tattalin Arziki, Labarin Ƙasa ko Tarihi. A duba kundin JAMB na shekarar da kyau kafin a zaɓi darussan jarrabawa, don jami'o'i sun bambanta. Karatun shekara huɗu ne, uku ga wanda ya shiga aji biyu kai tsaye. Kusa da gida akwai sashen a Jami'ar Tarayya ta Gusau, wadda aka kafa a 2013, a kan hanyar Zariya daura da Sabon Gida a ƙasar Bungudu. Akwai shi kuma a jami'o'in Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, Bayero a Kano, Ahmadu Bello a Zariya da Umaru Musa 'Yar'aduwa a Katsina.

In ka shiga, ba a fafe gora ranar tafiya. Tun daga aji ɗaya ka koyi kwamfuta, musamman Excel da SPSS, da manhajar tattara bayanai a waya irin KoboToolbox. Ka saba da rubuta rahoto gajere mai ma'ana da Ingilishi da Hausa, in ka samu hali ka koyi Fulatanci. Lokacin hutu ka nemi shiga aikin sa-kai na rigakafi ko rabon gidan sauro, don a nan ake koyon sallama a ƙofar gidan da ba a san ka ba. Idan lokacin kundi ya zo, ka ɗauko batu daga gida, ka yi shi da kanka. Yaya zuwan ɗalibai ya canza kuɗin haya da sana'o'i a Sabon Gida? Bayan sace ɗalibai da aka yi a can a watan Satumbar 2023, ina ɗalibai mata suka koma da zama, kuma iyaye nawa suka canza shawara a kan karatun 'ya'yansu? Me kuɗin tallar yarinya ke saya a gidansu, da har zai sa uwa ta fifita shi a kan makaranta? Sai dai a kiyaye, babu kundin da ya kai rai. Kada a shiga inda babu tsaro, kuma kada a fita ba da sanin malami mai duba aiki ba.

Ga ɗan aikin gida ga mai son gwada kansa. A wannan mako ka samu mutum uku a unguwarku, tsoho ɗaya, magidanci ko matar aure ɗaya, da sa'anka ɗaya. Ka tambayi kowannensu shi kaɗai, me ya sa aikin gayya ya ja baya a garinku? Kada ka yi gardama, kada ka gyara wa kowa magana, ka rubuta abin da suka ce kawai. Sannan ka zauna ka duba inda bakinsu ya zo ɗaya da inda ya saɓa, ka tambayi kanka dalili. In ka ga tambaya ɗaya ta haifar maka da wasu biyar har kana son komawa, to ka san akwai ɗan Soshiyoloji a jikinka, ko da wane kwas ka rubuta a fom.

Allah Ya ba mu zaman lafiya a Zamfara da ƙasa baki ɗaya, Ya ba masu jarrabawa sa'a. Sai mun haɗu a mako mai zuwa, idan Allah Ya kai mu.